Mukullin Gajimare

Ranar Talata, bayan La'asar,
ofishinmu na Bompai ya yi tsit,
sai fanka da ke tari a sili.
Kwamfuta ta buɗe mini ƙofa uku, ta ce in zaɓa:
wa zai gani kawai,
wa zai bar magana a gefe,
wa zai sa hannu ya gyara.

Sai na tuna Baba, akawun kamfanin fata,
shekara talatin mukulli na aljihun gabansa
ɗaure da ƙyallen atamfa.
Koren kabad na ƙarfe, mai kuka in an buɗe.
In kana son littafin lissafi
sai ka yi sallama ka tsaya,
ya dube ka ta saman tabarau
kafin ya miƙe.
Tsaronsa ke nan: ido da tsatsa.

Ni nawa kabad ɗin ba ya taka ƙasa.
Wai yana cikin gajimare,
gajimaren da bai taɓa jiƙa ko rufin kwano ɗaya a Kano ba,
amma ya haɗiye rasit ɗinmu na shekara huɗu.

Bara na yi kyauta irin ta mai sabon kuɗi:
duk mai mahaɗar, bismilla, ya gyara.
Ghali, wakilinmu na Dawanau,
yana tsaye kan buhunan riɗi,
da babban yatsa mai gumi
ya share layi goma sha bakwai
wajen neman lambar direba.
Farashin zoɓo ya koma na citta.
Kwana biyu ina bin fayil baya-baya
kamar mai bin sawun akuya a kan kwalta.
Ban ga laifinsa ba.
Wanda ya bar ƙofa a buɗe, shi ya gayyaci iska.

Ga wata tambayar kuma tana jira:
in sauko da komai cikin kwamfutata,
ko in bar shi can sama ina leƙawa?
In na sauko da shi, muna tare
ko Nepa ta ɗauke, ko sabis ya yi yaji.
Sai dai kwafi haihuwa yake kamar zomo:
Lissafi na Ƙarshe,
Na Ƙarshen Gaske,
Na Ƙarshe Wanda Oga Ya Gani,
kowanne na rantsuwa shi ne ɗan halak.
In na bar shi sama, gaskiya ɗaya ce tak,
amma ran da data ta ƙare mini
cikin adaidaita, a cunkoson Titin Katsina,
sai in zama baƙo a ƙofar gidana.

To, na yanke.
Na wannan watan kaɗai zan sauko da shi,
sauran su zauna inda suke.

Barira, ke gyara.
Na ga yadda kike tambaya sau biyu
kafin ki taɓa sifiri ɗaya.
Malam Tasi'u, manaja, zai so duka ƙofofin,
alhali bai taɓa buɗe ko ɗaya ba,
kullum sai ya ce a buga masa a takarda.
Na ba shi gefe, ya bar magana in ya ga dama.

Ghali, kai gani kawai.
Na san zai ji zafi,
zai ce shekara tara muna cin tuwo kwano ɗaya.
Gobe zan kira shi da bakina
kafin saƙon inji ya riga ni,
in ce masa amana daban, yatsa daban.
Gurasa da tsire a kaina.

An kira Magariba a masallacin masu gadi.
Na danna, na rufe, na tashi.
A bakin ƙofa hannuna ya tafi aljihun gaba
da kansa, yana lalube.
Mukullin Baba na gida cikin gwangwanin alawa.
Kabad ɗin kuwa tuni 'yan gwangwan
suka auna shi a sikeli a Ƙofar Ruwa.